Babbar Sallah a gida: daga sayen rago zuwa suyar nama

Hutun kwana 2 gwamnatin Najeriya ta saba bayarwa a Babbar Sallah, don haka mai niyyar zuwa gida ya yi ƙoƙari ya kama hanya kafin jajibere. Ran jajibere tasha cike take, kuɗin mota ya tashi, ga direbobi na ta gudu don su yi sawu biyu. Tun kafin a taru, 'yan'uwa su yi magana a waya: wa zai sayi rago, wa zai kawo man gyaɗa da itace, wa zai ɗauki nauyin mahauci. Yawancin ɓacin ran Sallah daga nan yake farawa, kowa yana zaton wani ya yi.

In da hali, a sayi ragon da saura mako ɗaya ko biyu. Kasuwar Wudil ran Juma'a take ci, ta Maigatari ran Alhamis. Kada girman ciki ya ruɗe ka, akwai masu ɗura wa dabba ruwa da kanwa. Dafa gadon bayansa ka ji tsoka, ka duba haƙora da idanu, ka sa a ja shi ka ga tafiyarsa. A mazhabar Malikiyya rago sai ya cika shekara. Mai ido ɗaya, gurgu, mara lafiya da ramamme ba sa yin layya. Da an kawo shi gida a ba shi harawa da dusa kaɗan-kaɗan. A ja wa yara kunne kada su tura masa hatsi ko ragowar tuwo da yawa, kumburin ciki kan kashe rago dare ɗaya.

Ba a yanka sai liman ya yanka nasa, kuma akwai dama har 12 ga Zulhajji. Mahauci da kuɗi ake biyansa, ba da fata ko nama ba.

Kayan ciki su ake fara gamawa da su a ranar, don ba sa jira. Sauran a rataye shi inda iska ke shiga ya tsane, ƙuda bai same shi ba. Washegari a fitar da rabon maƙwabta, surukai da mabuƙata kafin a ɗora tukunya. In aka fara suya, hannu ya yi nauyi.

Suyar ce wurin kuskure. A yanka naman daidai-wa-daida, a tafasa da gishiri, citta da kanumfari har ruwan ya ƙone. Sannan a soya a mai da wuta madaidaiciya. Wuta mai ƙarfi waje take ƙonawa ta bar danshi a ciki. In kumfar man ta kwanta, ƙarar ta ragu, ruwa ya fita ke nan. A baza shi a faranti ya huce sarai kafin a rufe. Wanda aka zuba a roba da zafinsa gumi zai yi, cikin kwanaki kaɗan funfuna ta fito. A riƙa ɗiba da busasshen cokali, ba jiƙaƙƙen hannu ba.

Wanda zai koma Legas ko Abuja da tsarabarsa, ya sake ɗumama ta a mai daren tafiya, ya bari ta huce kafin ya ƙulle.