Gashin hayaƙi irin na mutanen Lexington

A garin Lexington na jihar North Carolina a Amurka, ana bikin gashi a watan Oktoba, an fara shi a 1984. Su kafaɗar alade suke gasawa. Kai nemi ƙirjin saniya, dabarar ɗaya ce.

1. Shafa masa gishiri da masoro, ya kwana a firji.

2. Hura gawayi a gefe guda, ɗora naman a ɗaya gefen, ka rufe. Wannan fa ba tsire ba ne, kada harshen wuta ya lashe shi. Zafin ya tsaya kusan digiri 110 a ma'aunin Selsiyos, kana jefa busasshen itace don hayaƙi. Awa goma ba ta yi yawa ba.

3. In ya yi laushi tuɓus, sauke, ya huta awa guda.

4. Daddatsa shi, ka yayyafa ruwan khal da aka dama da tumatirin kwalba (wato ketchup) da barkono.