Yadda Malami Zai Koya wa Yaran Zango Ƙin Ƙwaya

A makarantunmu na unguwannin Aboabo da Asawase da ke Kumasi, a Gana, abin da aka saba shi ne a tara ɗalibai a fili sau ɗaya a shekara, galibi dab da 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, a gayyato baƙo ya nuna hotunan waɗanda ƙwaya ta nakasa, yara su yi tsit, a tafa, a watse. Na daɗe ina koyarwa a ƙaramar sakandare a nan Kumasi, kuma na lura cewa wannan tsoron ba ya kai mako guda. Ƙa'idojin rigakafin da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar da haka: tsoratarwa da lacca kaɗai ba sa tsare yaro. Abin da ke tasiri shi ne darasi goma zuwa goma sha biyar, sau ɗaya a mako, inda yaran da kansu suke magana suna gwada yadda za su ƙi ƙwaya.

Kafin malami ya shiga aji, wajibi ne ya san abin da ke yawo a unguwa, domin duk ranar da ya faɗi abin da ba haka ba, akwai yaro a kujerar baya da ya fi shi sani, kuma daga ranar maganarsa ta zube. Tiramadol maganin ciwo ne da likita ke rubutawa, kuma Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, amma wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 225 ko 250. A 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Yanzu kuma ga jar ƙwayar da samari ke kira Red, wadda binciken BBC na 2025 ya nuna cewa irinta ana shigo da ita daga Indiya, haɗin magunguna biyu ne masu iya danne numfashi. Sau da yawa ana narka ƙwayar a cikin lemon ƙara kuzari, ta yadda mai kallo ba zai ga komai ba sai kwalba.

Yaran firamare ba sa bukatar waɗannan sunayen. Ya wadatar a koya musu cewa magani daga hannun iyaye ko ma'aikacin lafiya kawai ake karɓarsa, kuma ba a shan abin da ke cikin buɗaɗɗiyar kwalbar wani.

Babban aikin yana wajen 'yan shekara 11 zuwa 15, kuma a nan ne nake ganin muna kuskure. Muna koya wa yaro ya guji baƙon mugu, alhali wanda ke fara miƙa masa ƙwaya yayansa ne, ko maigidansa a garejin da yake koyon aiki ranar Asabar, ko matuƙin faragiya, wato keke mai ƙafa uku, da ke rage masa hanya. Sau da yawa ma da aike ake farawa: “Ungo sidi ashirin, je wurin wane ka ce ya ba ka saƙona.” Mu kuwa mun tarbiyyantar da ɗan Zango cewa ba a ƙin aiken babba. Saboda haka sai malami ya ba shi kalmomin da zai ƙi da su ba tare da rashin kunya ba, ya kuma sa shi ya maimaita su har bakinsa ya saba.

Ga yadda nake yi. Ina fito da ɗalibai biyu gaban allo, ɗaya ya zama yaya, ɗaya ƙane. Ƙanen zai ce, “Yaya, ka yi haƙuri, Mma ta hana ni zuwa wurin nan, amma in akwai wani aiken zan je.” Yayan zai matsa, ya kira shi matsoraci, ya yi masa alkawarin canji. Ƙanen ba zai tsaya gardama ba, zai sake faɗin maganarsa sau ɗaya, ya juya ya nufi inda mutane suke. A karon farko aji kan fashe da dariya, muryar yaron kuma ta yi rawa. A mako na uku sai ka ga ya ɗaga kai yana faɗinta da natsuwa. Kada a bar 'yan mata a baya, domin su ma ana aikensu, ana kuma yi musu tayin shisha a wurin biki. A wani darasin, a sa kowa ya rubuta a takarda, ba tare da suna ba, yawan sa'o'insa da yake zaton suna sha, sannan a tattauna, domin yara sukan ɗauka cewa kowa na yi, kuma wannan zaton shi kansa yana jan su.

Ya kamata malamin Islamiyya da iyaye su san jimlolin da ake koyarwa, don kada yaro ya ƙi mugun aike a waje ya dawo gida ya sha duka.

Idan malami ya ga ɗalibi yana gyangyaɗi kullum, ko kuɗin abincinsa na ɓacewa, kada ya tona shi a taron safe. Ya kira shi gefe, ya haɗa shi da malamin ba da shawara na makaranta, a sanar da iyaye cikin sirri, in abin ya yi nisa a kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye. In kuwa yaro ya faɗi yana jijjiga, a kawar da kujeru, kada a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa madara, a kwantar da shi ta gefe, a kira 112, a kuma tafi da kwalbar ko fakitin da aka samu a jakarsa don likita ya gani.