Yadda za ka haɗa waƙa mai sanyi irin ta Koriya a ɗakinka

Masu kallon fina-finan Koriya a nan Katsina sun san sautin nan, wanda ake sakawa in jarumi ya tsaya shi kaɗai a tashar mota, jita na tafiya a hankali, murya kamar ana maka raɗa. Yara da yawa masu zuwa situdiyo suna son su yi irinsa amma sai su ɓata shi da yawan kaya, toh ga yadda ake yi.

Fara da rage gudu. Irin waƙoƙin nan yawanci bugu 60 zuwa 75 ne a minti ɗaya, in ka buɗe manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko BandLab a waya ka saita shi nan, kar ka bari hannunka ya kai ka ga gudun kiɗan biki. Jitar kuma ba kaɗa ta ake da ƙarfi ba, tsinkar igiyoyin ake ɗaya bayan ɗaya da yatsu, babban yatsa na riƙe da igiyoyin sama masu kauri sauran na yawo a ƙasa, kuma wannan ƙarar da yatsa ke yi in ya zame kan igiya kar ka goge ta wlh, ita ke sa mai ji ya ji kamar kana zaune gabansa. In babu jita fiyano ma ya isa.

Ganga ka manta da ita a baitin farko gaba ɗaya. Sai an zo amshi ake ƙara kaya kaɗan kaɗan, goge irin na Turawa ya shigo daga baya can ƙasa, amshin ƙarshe kuma su kan ɗaga sautin sama kaɗan. Wannan haɗa goge da sarewa cikin waƙar soyayya ana yawan danganta shi da mawaƙin Koriya Yoo Jae-ha, wanda ya fitar da kundinsa guda ɗaya tak a 1987 ya rasu a haɗarin mota a shekarar.

Murya ita ce wahalar. Mu mun saba da ɗaga murya da zuba autotune har mutum ya koma kamar na'ura, nan kam matsowa za ka yi kusa da makirfo, kamar tazarar tafin hannu, ka rera ƙasa ƙasa numfashinka na fita tare da kalmomin. Hausa ma ta dace da shi sbd kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, sai dai ka kula ka ɗora dogon wasali kan dogon sauti, in ka ja gajere ma'ana na iya juyawa. Baitin kuma kar ka cika shi da kirari, abu ɗaya ƙarami ya isa, misali shayin da ya huce kana jiran wayarta.

Wajen ɗauka, kashe fanka ko da zafi zai kashe ka, jingina katifa a bango, rataya bargo a ƙofa. In gidanku na bakin titi irin wajen Ƙofar Ƙaura, bari sai dare ya raba 'yan Keke Napep sun tashi, maƙwabta sun kashe janareto. Amon ɗaki da za ka ƙara a kwamfuta ɗan kaɗan kawai, sannan ka saurara da iyafis kafin ka tura ma kowa, don lasifikar waya na cinye sautin jitar na ƙasa.