Yadda ake raba kyanwa da ƙaiƙayin kunne da susar da ba ta jin magani

A Maradi yawancin masu kyanwa don aiki suke ajiye ta: mai shago a babbar kasuwa, mai ma'ajiyar gyaɗa ko wake, uwargidan da ɓera ya hana sakat. Shi ya sa ba a cika lura ba sai abin ya yi nisa, ta fara kaɗa kai, bayan kunne ya yi gyambo, gashin wuya ya zube. Sai a ɗiga mata wani abu kwana 3, susa ta lafa, a ce ta warke. Wata bai cika ba ta dawo. Wannan dainawa da wuri ita ce ke kayar da mutane, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Kafin ka sayi komai, duba abin da ke cin ta. Ka naɗe yatsa da auduga, ka shafo bakin kunnen. In ka fito da baƙar dauda busasshiya mai marmashi, zargin farko ƙwarin kunne ne, waɗanda likitoci ke kira Otodectes. Zuba daudar a kan baƙin ƙyalle, haska da fitilar waya, ka jawo hoton kusa: wani lokaci za ka ga fararen ɗigo suna motsi. In kuwa abin da ya fito ruwa-ruwa ne, rawaya, mai wari, to ƙwayoyin cuta sun shiga, maganin ƙwari kaɗai ba zai isa ba. Sai ka koma jiki. Tsayar da ita a kan farar takarda da ka yayyafa wa ruwa, ka taje bayanta zuwa gindin wutsiya da mataji mai ƙananan haƙora. Baƙaƙen ɗigon da suka faɗo, in sun narke sun yi ja, kashin ƙuma ne, jinin kyanwar ne ke fita. Kada ka ce ba ka ga ƙuma da ido ba. Kyanwa tana haɗiye su wajen lasar jiki, kuma wadda jikinta ya tsani yawun ƙuma cizo kaɗan ya ishe ta yin ƙuraje masu ɓawo kamar ƙwayar gero a wuya da baya.

Yanzu abin da ba a sa wa kyanwa, don a nan ake asarar rai. Ban da piya-piya, ban da kananzir, ban da baƙin mai, ban da Dettol. Ban da maganin kaskar shanu da ake wanka da shi, ban da maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin, wanda ke sa kyanwa rawar jiki da farfaɗiya har ta mutu. Parasitamol ƙwaya guda na iya kashe ta. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa abubuwa da dama da akuya ko kare ke jurewa, ga shi duk abin da ka shafa mata sai ta lashe. Allurar ivermectin ta dabbobi kuwa tana kashe ƙwarin kunne, amma kwalbar da ke kasuwa don shanu da tumaki aka haɗa ta. Abin da kyanwa mai kilo 3 ke buƙata bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba. Wannan awo na likitan dabbobi ne, ba na mai talla a kasuwar dabbobi ba, kuma ba a yi wa ƴaƴan kyanwa ƙanana.

Wankin kunne mutum biyu ke yin sa, kuma ni da yamma nake cewa a yi, lokacin da ta ƙoshi ta yi laushi. A naɗe ta da tsohon zane har wuya, ƙafafu duka a ciki. Ka ɗumama kwalbar ruwan wankin kunne a tafin hannu, don ruwa mai sanyi shi ke sa ta zabura ta yakushe ka. Ɗaga kunnen, ɗiga kaɗan, ka murza gindin kunne a hankali kamar daƙiƙa 30 har ka ji yana ƙara caɓal-caɓal. Sake ta ta kaɗa kai, sannan ka goge abin da ya fito da auduga a yatsa, iya inda yatsa ya kai. Tsinken auduga kada ya shiga. Ramin kunnen kyanwa a lanƙwashe yake, tsinke dai tura dauda yake yi zuwa ciki. In ba ka samu ruwan wanki ba, ɗigo 2 na man zaitun zai jiƙa daudar ta fito, amma kada ka ɗauke shi magani.

To ga inda ake faɗuwa. Ƙwaron kunne daga ƙwai zuwa babba yana ɗaukar kimanin mako 3, kuma yawancin maganin ɗigawa manya yake kashewa, ƙwai na nan. A kwana na huɗu ko na biyar manyan sun mutu, kyanwa ta samu barci, sai ka ji maigida ya ce, "Hajiya, a bar ta haka, ai ta daina susa, kada a ƙarar da maganin." A daidai lokacin ne ƙwan ke ƙyanƙyashewa. Saboda haka in maganin ɗigawa a kunne ne, ka bi adadin kwanakin da likita ya faɗa har ƙarshe, sau da yawa mako 3 zuwa 4, ka sa alama a kalanda ko a waya. Ni na fi son maganin da ake matsawa a fatar ƙeya, irin mai selamectin da ake sayarwa da sunan Stronghold ko Revolution, ko kuma wani daban mai suna Advocate: a buɗe gashi har a ga fata, a matse a inda harshe ba ya kaiwa, a maimaita bayan kwana 30. Yana da tsada, kuma ba kullum ake samun sa ba, wani lokaci sai an yi saƙo Yamai ko Kano. Amma lissafa kuɗin kwalba uku da ka saya ka watsar a rabi, ka gani. A duba kwanan lalacewa, a tabbata hoton kyanwa ne a jikin kwalin, a kuma auna nauyinta.

Sannan duk kyanwar gidan a yi musu rana ɗaya, har wadda ba ta susa, har kare in akwai. Ƙwarin nan ta cuɗanya suke yawo, uwa ta ba ƴaƴa, muzurun maƙwabta ya kawo sabo. Ka yi wa guda ka bar biyu, aikin baban giwa ka yi.

Ƙuma ta fi wannan naci, don mafi yawanta ba a jikin kyanwa take ba. Macen ƙuma na iya zuba ƙwai har 50 a rana, suna faɗawa tabarma, ƙarƙashin buhuna, tsagar daɓe, turken awaki. A wanke shimfiɗarta da ruwan zafi kowane mako, a baza tabarmi a rana. Tsutsar ƙuma ba ta jure zafi da bushewa, rana kuwa ba mu rasa ta. A share lunguna a ƙone sharar. Maganin ƙeya, ko mai fipronil irin Frontline, a ci gaba da shi wata 3 a jere, musamman da damina.

In an yi duk wannan wata 2 zuwa 3 kuma susa na nan, sai a zargi abinci. Naman shanu, kifi da kaza su ne suka fi tayar wa kyanwa da ƙaiƙayi. A ɗora ta a kan nama iri ɗaya da ba ta saba ci ba tsawon mako 8, ba madara, ba ragowar miya, a ga ko za ta lafa. Ƙwayar dexa da wasu ke bayarwa tana kwantar da susa nan take, amma ɓoye ciwon take yi, kuma yawan ta na jawo ciwon sukari. Sai da izinin likita.

Kai ta ofishin kiwo ko wurin likitan dabbobi ba tare da jira ba in ta karkatar da kai gefe guda, tana tangaɗi, ko fatar kunnen ta kumbura ta cika da jini. A irin wannan hali kada a ɗiga komai, don dodon kunne yana iya kasancewa a fashe. Haka ma a kai ta in ka ga ɓawo mai kauri a gefen kunne da fuska, yana iya zama ƙirci ne. Wurin da gashi ya zube a zagaye kuma yana iya zama makero ne, wanda ke kama yara, don haka a hana su kwana da ita, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta.