Yadda Ake Gano Matsalar Wayar Gida Marar Igiya da Kula da Ita

Wayar gida marar igiya kashi biyu ce: akwai mazauni, inda igiyar layi da ta lantarki suke shiga, akwai kuma kan waya da ake zaga gida da shi. Idan ta yi shiru kada a yi gaggawar jefar da ita, domin a ganina yawancin wayoyin da ke kwance a saman kabad a unguwannin Nima da Mamobi na Accra ba abin da ke damunsu sai wuta da batir.

A fara duba mazaunin. Tsohuwar waya mai igiya daga layi take samun ƙarfinta, amma wannan da zarar dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya sauka ta daina aiki, ko da kan wayar cike yake da caji. In wuta ta dawo ba ta farfaɗo ba, sai a zare filogi, a dakata minti ɗaya, a mayar. Wanda kuma ɗan'uwansa ya aiko masa da waya daga Amurka, ya karanta rubutun jikin cajar kafin ya soka ta a bango, saboda wutar Ghana volt 230 ce, ta can kuwa 120, kuma cajar da aka yi don 120 kaɗai ƙauri kawai za a ji.

Batir shi ne babban mai laifi. Alamarsa ba ta ɓuya: waya ta kwana a mazauni, amma da an fara gaisuwa, tun ba a kai ga tambayar iyali ba, sai ta mutu. Galibin wayoyin nan suna amfani da ƙananan batura biyu masu caji, nau'in NiMH mai volt 1.2, waɗanda sukan gaji bayan shekara ɗaya ko biyu. A sauya su tare, a bar sababbin su kwana suna caji kafin a yi kira. Kada a kuskura a cusa batirin rimot, domin ba a yi shi don caji ba, yakan tsiyaye ya cinye cikin wayar.

Sau da yawa ma batirin lafiyarsa ƙalau. Ƙananan ƙarafan nan da ke ƙasan kan waya da cikin mazauni ne iskar teku ta Accra da ƙurar hunturu suka dusashe, sai caji ya kasa wucewa. A zare wuta, a goge su da auduga da ɗigon sifirit har su yi ƙyalli.

Idan murya na yankewa, a tuna cewa nisan da wayar ke kaiwa a cikin gini bai cika wuce mita 50 ba, bangon siminti kuma yana rage shi, don haka a ɗora mazaunin a wuri mai tudu a tsakiyar gida, nesa da talabijin da na'urar intanet. Da damina, musamman a Mayu da Yuni, a cire igiyar layi idan hadari ya taso da tsawa.

In ƙarar shuu ta ƙi barin layin, a aro waya mai igiya a gwada a soket ɗin. Idan ƙarar na nan, aikin kamfanin layi ne. Idan ta ɓace, sai a kai wa masu gyara na Circle, wato dandalin Kwame Nkrumah da ke Accra, a haɗa da mazaunin da cajarsa.