Yadda Ake Zaɓen Gurup na Gida a Yamai da Yadda Ake Kula da Shi

Duk wanda ya yi bazara a Yamai ya san abin da ɗaukewar wuta take nufi a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 45 a wasu ranaku, bangon ɗaki kuma ba ya hucewa har tsakar dare. Kafin watan Agustan 2023, kaso mai yawa na wutar da birnin yake sha yana zuwa ne daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi, kuma sa'ad da aka katse wannan layi a farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, magidanta da yawa suka bazama kasuwa neman janareta, wanda mu a nan muka fi kira gurup. Ina cikin waɗanda suka saya a wancan lokaci cikin gaggawa, kuma injin da na kawo gida bai cika wata huɗu ba ya ƙone. Abin da na koya daga wannan asara, da kuma daga zama a rumfar masu gyara, shi ne nake so in shimfiɗa wa wanda yake shirin saye, domin yawancin gurup ɗin da suke mutuwa a gidajenmu ba tsufa ne yake kashe su ba, nauyin da ya fi ƙarfinsu ne da ƙura da gurɓataccen mai.

Aikin farko a gida ake yin sa, da takarda da alƙalami, tun kafin a taka kasuwar Katako ko Babbar Kasuwa. A zagaya a rubuta duk abin da ake so ya ci gaba da aiki idan wuta ta ɗauke, a duba ƙaramar takardar da ke manne a bayan kowace na'ura, domin a can ake rubuta yawan wat ɗin da take ja. Mu ɗauki gida mai ƙwan fitila takwas na zamani masu wat 10 kowanne, da fanka huɗu masu wat 70, da talabijin da akwatinta masu jan kamar wat 120, da firigo mai wat 150, da kwanjilatar mai wat 200, irin wadda uwargida take daskarar da ƙanƙara da zoɓo a cikinta don sayarwa da azumi. Jimillarsu wat 830 ke nan. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, sai su ce ashe gurup mai wat 1000 ya wadatar. Duk na'urar da take da inji mai juyawa a cikinta, wato firigo da kwanjilatar da famfon tura ruwa da kilim mai sanyaya ɗaki, tana fizgar wuta ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinta a daidai lokacin da za ta tashi, na ɗan daƙiƙu kaɗan, kafin ta dawo daidai. Idan firigo da kwanjilatar suka tashi tare, wat 830 ɗin nan zai haura 1500 a wannan ƙiftawar ido, kuma wannan fizga ce ta ƙona nawa na farko. A kan wannan adadi sai a ƙara rubu'i, saboda ƙarfin da masana'anta take rubutawa an auna shi ne a yanayi mai sauƙin zafi, injin da yake shaƙar iskar bazarar Yamai kuwa ba ya iya ba da wannan ƙarfi cif. Lissafin ya tsaya kusa da wat 1900.

Sai kuma a lura da yadda ake rubuta ƙarfin a jikin gurup. Sau da yawa da wani ma'aunin ƙarfin wuta da ake kira kVA ake rubutawa, kuma hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗauki kashi 80 cikin 100 na adadin a matsayin kilowat, ta yadda mai kVA 2.5 zai zama wat 2000, wanda shi ne ya dace da gidan da muka misalta. Galibi lamba biyu ake samu: babbar da aka zana da manyan haruffa a jikin tanki, wadda ƙarfin ƙoli ce da injin yake iya riƙewa na ɗan lokaci kawai, da ƙaramar da take kan farantin ƙarfe kusa da inda ake jona waya, wadda ita ce ƙarfin aikin yau da kullum. Da ƙaramar ake ciniki. Wanda yake son ya kunna kilim mai doki ɗaya da rabi, wadda take jan kamar wat 1200 tana cikin aiki, bai kamata ya sauka ƙasa da kVA 6 ba, sai fa idan kilim ɗin irin ta zamani ce mai tashi a hankali. Dutsen guga da tukunyar dafa ruwa ta lantarki kuwa, shawarata ita ce a bar su sai wuta ta dawo, domin kowannensu yana iya cinye wat 1000 ko fiye shi kaɗai.

Game da irin injin, ƙaramin nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, wanda bai kai wat 1000 ba, ya isa ga mai shago ko mai ɗaki ɗaya da yake son fitila da fanka da cajin waya, amma ba a ɗora masa firigo. Ma'aunin gaurayensa yawanci kashi ɗaya ne na baƙin mai cikin hamsin na fetur, wato mililita 20 a kowace lita. Ga gida mai iyali, mai fetur wanda baƙin mansa yake da ma'ajinsa daban shi ne ya fi dacewa. Mai shan gazuwal, wato dizal, ya fi tsada wajen saye kuma ya fi nauyi da ƙara, amma ya fi jure dogon aiki da ƙarancin shan mai, don haka wanda zai riƙa kunnawa awa takwas ko goma kowace rana shi ya kamata ya duba shi. A tabbatar farantin ya nuna volt 220 ko 230 da hertz 50, domin shi ne tsarin wutar Nijar. Ana samun na hannu da aka kwaso daga Amurka masu volt 120 da hertz 60, kuma komai kyansu da arharsu ba za su yi wa kayan gidanmu daidai ba.

Akwai tambayoyi biyu da ya kamata a yi wa mai shago ba tare da jin nauyi ba. Ta farko, wayar da aka naɗe cikin injin ta jan ƙarfe ce ko ta alminiyam, domin ta jan ƙarfe ta fi jure zafi, kuma idan aka ɗaga guda biyu masu ƙarfi ɗaya za a ji ta fi nauyi a hannu. Ta biyu, ko yana da na'urar daidaita wuta da ake kira AVR, wadda take hana wuta hawa da sauka ta lalata talabijin da kwamfuta. Bayan haka a leƙa rumfar mai gyaran unguwa a tambaye shi ko ana samun kafireta da igiyar ja da AVR na wannan samfuri a kasuwa, saboda injin da babu kayan gyaransa a gari ranar da ya tsaya ya zama ƙarfen awo. Bambancin jika kaɗan tsakanin mai kyau da marar kyau bai kai a yi masa rowa ba, tunda araha ba ta ado. Kada kuma a biya sai an tayar da shi a gaban mai saye, an jona masa abu mai nauyi, an ji yadda muryarsa take sauyawa ta kuma dawo daidai.

Inda za a ajiye shi magana ce ta rai da mutuwa, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗauke ta haka. Hayaƙin gurup yana ɗauke da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, wanda yake barci kuwa ba ya ma farkawa ya ji su. Tsoron ɓarayi yana sa wasu su shigar da injin zaure ko kicin ko lungun da ke tsakanin ɗakuna da dare, kuma buɗe taga ba ya kawar da haɗarin. A ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6 idan gidan yana da wannan sarari, bakin salansa yana kallon waje, a kuma tuna cewa da bazara a tsakar gida iyali suke shimfiɗa tabarma su kwana. Maganin ɓarawo shi ne a sa mai walda ya ƙera keji na ƙarfe mai rufin kwano, gefunansa a buɗe don iska, a kafa shi a kan daɓen siminti mai ɗan tudu yadda ruwan Agusta ba zai kwanta a ƙarƙashinsa ba, yashi kuma ba zai riƙa tashi yana shiga injin ba.

Haɗa shi da wayoyin gida aikin mai gyaran wuta ne da ya san sana'arsa. Dole a sa makunnin sauya layi, wanda ake kira anbasar, mai raba wutar gurup da ta kamfani ta yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. Dabarar nan ta cusa waya mai kai biyu a soket ɗin bango tana mayar da wuta kan layin unguwa, tana iya kashe ma'aikacin da yake kan falwaya yana gyara, kuma idan wuta ta dawo ba zato injin ne zai ƙone. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta isa ga mai kVA 2.5, babba mai kVA 6 kuwa a sa masa mai murabba'in milimita 6, a kuma kafa masa ƙarfen ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa don ta sauke wutar da ta ɓalle.

Ranar da na kai gurup ɗina na biyu gyara saboda yana tari yana fitar da baƙin hayaƙi, dattijon da yake gyara mini a unguwarmu bai tambaye ni komai ba, sai ya kwance murfin matatar iska ya zaro soson. Sabo fari-fari ne sa'ad da na saya, amma a ranar ya zama ja kamar tubalin laka, da ya buga shi a gefen benci sai gari ya zubo. Daga nan ya kwance ƙoƙon da ke ƙasan kafireta ya juye a tafin hannunsa, ya miƙo mini in gani: ɗigon ruwa yana yawo a ƙarƙashin fetur ɗin, da tsabar yashi a kwance. Ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa lau, numfashi ne ya gagare shi, abincinsa kuma da tsakuwa." Na ce, "Baba, to mene ne abin yi?" Abin da ya koya mini shi ne nake bi har yau. Littafin masana'anta yakan ce a wanke soson bayan awa 50 na aiki, amma da hunturu, sa'ad da buji take rufe gari har a kasa hango ƙetaren gadar Kennedy, kowane mako ya kamata a wanke shi. Da ruwa da sabulu ake wankewa, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa ya bushe sarai, sannan a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa, domin wannan maiƙon ne yake kama ƙurar. Kunna injin babu soso ko da na yini ɗaya ne yana tura yashi cikin silinda ya cinye ta.

Fetur kuma a fi sayensa a gidan mai. Idan larura ta sa aka saya a kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa, a ɗaga kwalbar a hasken rana a duba gindinta, a kuma tace da ƙyalle mai tsabta yayin zubawa. Ba a zuba mai injin yana aiki ko yana da zafi, sai an kashe shi ya huce, kuma jarkar ajiya a nisanta ta da murhu da yara.

Baƙin mai shi ne jinin injin. Sabon gurup ana yi masa juyen farko bayan awa 20 na aiki, saboda ɓarɓashin ƙarfen da sabon inji yake zubarwa, daga nan kuma kowace awa 100 bisa ƙa'ida, amma a zafi da ƙurar Yamai na fi natsuwa da awa 50. A rataye ɗan littafi a jikin kejin ana rubuta awannin, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe su. Ana juyewa injin yana da ɗumi don man ya zubo duka. Masu kVA 2 zuwa 3 galibi suna ɗaukar kimanin lita 0.6, manyan kuwa lita 1.1, kuma mai lamba 15W-40 yana jure zafinmu, in dai littafin injin bai hana ba. A saya a rufaffen galan, a guji na awo wanda ba a san asalinsa ba. Yawancin injunan yanzu suna kashe kansu idan baƙin mai ya yi ƙasa, kuma akwai masu gyaran da suke cire wayar wannan na'ura don injin ya daina tsayawa. Kada a yarda da hakan ko kusa. Fulogi kuma a kwance shi duk bayan awa 100 a goge baƙin da ya taru, tazarar bakinsa ta kasance tsakanin milimita 0.7 da 0.8, a kuma ajiye sabo guda a gida.

Wajen tayarwa, a fara duba baƙin mai, a tabbatar babu abin da yake jone, a buɗe famfon fetur, a rufe cok, wato ɗan hannun da yake rage iskar da take shiga kafireta, a ja igiya, da ya kama a buɗe cok ɗin a bar shi minti biyu ko uku kafin a ɗora masa kaya ɗaya bayan ɗaya, ana farawa da mafi nauyi. Wajen kashewa sai a sauke kayan tukuna, a bar shi ya ɗan yi aiki babu nauyi ya huce.

Idan damina ta zauna, ɗaukewar wuta ta ragu, sai a manta da gurup a keji har wata uku, ranar da aka neme shi kuma ya ƙi tashi. Ƙanena da yake zaune a Kanada ya gaya mini irin wannan matsala suke sha da injin kwashe dusar ƙanƙara, wanda yake kwana duk lokacin zafi ba a taɓa shi ba, kuma dalilin ɗaya ne: fetur da ya daɗe a kafireta yana bushewa ya bar danƙo mai toshe ƙananan ramukanta, a zafinmu kuwa hakan ya fi sauri. Saboda haka a riƙa tayar da shi duk bayan mako biyu na kamar minti goma sha biyar da ɗan kaya a kansa, wanda hakan yake cajin batirin masu tashi da makulli. Idan kuwa za a yi tafiya mai tsawo, a rufe famfon fetur injin yana aiki a bar shi ya shanye na cikin kafireta har ya mutu da kansa, a juye sauran na tanki a zuba wa babur, a cire wayar batir, a jira ya huce sarai sannan a lulluɓe shi da buhu ko tamfol.