Yadda za ka lallaɓa idan harsashin bindigar farauta ya yi wuya

Duk wanda ke riƙe da shotgan, wato bindigar farauta mai watsa ƙananan ƙwayoyi, ko don farautar tsuntsu ko don wasan harbin faifan yumɓu, ya san irin takaicin nan da za ka je sayen harsashi a ce maka babu, ka koma bayan sati biyu a ce har yanzu shiru, kuma lokacin farauta ba jiranka zai yi ba. Ni abinda ya fi damuna a irin wannan yanayi ba tsadar bace, yadda mutane ke fara cusa wa bindiga duk abinda hannunsu ya kai gare shi ne, to a nan ake samun hatsari kuma a nan ake jikkata dabba a banza.

Gara ka san daga ina matsalar take tasowa tukuna. A 2020 lokacin korona mutanen Amurka suka yi ta rububin sayen bindiga, ƙungiyar masu sana'ar bindiga ta Amurka, NSSF, ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 8 ne suka sayi bindigarsu ta farko a shekarar, kuma a shekarar ce kamfanin Remington ya durƙushe har aka sayar da masana'antar harsashinsa ta Lonoke a jihar Arkansas. Buƙata ta hau, masu yi sun ragu. Shi kuma harsashin nan kayan haɗi ne, akwai kwanson roba, akwai albarushi, akwai ƙwayoyin dalma, sai ɗan maɓallin nan na gindi mai tada wuta da ake kira firaima 209, ɗaya ya yanke to komai ya tsaya cak. Bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 sojoji suka riƙa kwashe sinadarin da ake albarushi da shi, sannan a 2024 Chaina ta taƙaita fitar da antimoni, wanda ake gauraya wa dalma don ta yi tauri. Kaga ke nan abu ne mai tafiya yana dawowa, sai dai mutum ya iya zama da shi.

Abu na farko ka karanta jikin bindigarka. A kan hancin an buga geji, wato lambar faɗin ramin hancin, da tsawon ɗakin harsashi, 70mm ko 76mm ko 89mm, wato inci 2¾ da 3 da 3½. Gajeren harsashi a dogon ɗaki ba matsala, amma dogo a gajeren ɗaki kar ka kuskura, domin zai shige lafiya lau har bindigar ta rufe ka ɗauka daidai ne, alhali tsawon da aka rubuta na kwanson ne bayan ya buɗe, in ka harba bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa sai matsin ya haura abinda aka yi bindigar ta ɗauka.

Wanda ya fi wannan muni shine haɗa geji 20 da geji 12 a aljihu ɗaya, kuma a lokacin ƙarancin harsashi ne ake yawan yin haka saboda wannan ya ba ka uku wancan ya ba ka biyar duk ka zuba wuri guda. Ka ɗauki harsashin 20 ka saka a bindiga mai geji 12 da gaggawa tsuntsu na tashi, zai zame ya wuce ciki ya maƙale a hanci, ka ja kunama shiru, ka buɗe ka ga ɗaki fayau ka ce ashe ban ɗura ba, ka saka na 12 a bayansa ka harba. Ƙarfen yana iya tsagewa daidai inda hannunka na hagu yake riƙe. Shi ya sa yawancin kamfanoni ke yin geji 20 da launin rawaya. Don Allah kafin ka fita ka zazzage aljihunka da jakarka a kan tabarma ko tebur ka duba su ɗaya bayan ɗaya, in bindiga ta ƙi tashi kuma ka jira kamar daƙiƙa 30 bakinta na kallon inda ba kowa, sannan ka buɗe ka leƙa cikin hancin sai ka hango haske kafin ka sake ɗurawa.

Masu geji 16 da 28 da .410 su suka fi shan wuya, don in kamfani ya matsu geji 12 yake fara bugawa sai 20, sauran su jira. In irin taka ce ka fara nema wata uku ko huɗu kafin lokaci.

Sai maganar canza iri. Ka saba da ƙwayar dalma mai girma lamba 6, ba ka samu ba sai na ƙarfe, to ba haka kawai za ka ɗura ka tafi ba. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba saboda haka yana saurin rasa ƙarfi a iska, ƙa'idar da maharba ke bi ita ce ka ƙara girman ƙwaya da mataki biyu, mai harba dalma 6 ya nemi ƙarfe 4, don ƙaramar lamba ita ce babbar ƙwaya, sannan ya rage nisa. Kuma ƙarfe ba ya lotsewa kamar dalma, in bindigarka tsohuwa ce ko bakinta matsattse ne sosai, irin cikakken cok ɗin nan, zai iya kumbura mata baki ko ya kankare cikin. Bindigogin Turai da aka gwada da harsashin ƙarfe mai ƙarfi suna da tambarin fure a jiki, in ba ka gan shi ba kai ta wajen maƙerin bindiga ya duba maka. Harsashi mai ƙwayar bismut, wani ƙarfe mai taushi, ya fi sauƙi ga tsofaffin bindigogi sai dai akwai tsada, mai ƙwayar tangistin, wani ƙarfe mai nauyi sosai, ma ya fi shi tsada.

Juyin kuma shima haka, kar don ƙarfe ya yanke ka koma dalma inda doka ta hana. Amurka ta hana farautar agwagin ruwa da dalma tun 1991, Kalifoniya ta hana ta a kowace farauta daga Yulin 2019, Tarayyar Turai kuma ta hana a fadamu da kewayensu daga Fabrairun 2023. Kuma gaskiya dokar tana da dalili, tsuntsaye na tsintar ƙwayoyin a laka su haɗiye kamar tsakuwa gubar ta kashe su a hankali.

Duk sabon harsashin da ka samu ka sadaukar da uku ko huɗu ka gwada a takarda, na san da ciwo a lokacin da kake ƙirga su da ɗai-ɗai amma ya fi maka. Ka kafa babban kwali a wuri mai tudun ƙasa a baya, ka ja da baya yadi 40 ko kuma nisan da ka saba harbi, ka harba, ka zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda ƙwayoyin suka fi taruwa. Ka duba da kyau, in ka ga gurbi da tafin hannunka zai rufe babu huda ko ɗaya to tsuntsu zai iya bi ta nan ya tafi da ƙwaya ɗaya a cinya ya je ya mutu a ciyawa. Sai ka matso kusa ka sake gwadawa har ka gane iyakarka da wannan harsashin.

Masu harbin faifai kuwa lissafinsu daban ne, zagaye ɗaya na tirap ko sikit, wato nau'o'in wasan, faifai 25 ne, kwalin harsashi guda ke nan ya tafi, wanda ke zagaye huɗu duk sati yana cinye katan mai 250 kafin sati uku. Mafarauci zai iya shekara da kwali biyu, ɗan wasa ba zai iya ba, shi ya sa yara masu tasowa a wasan su ake fara rasawa idan kaya ya yi wuya, abin yana taɓa min zuciya sosai. Abinda zai taimaka shine ka mayar da rabin atisayenka gida, bindiga ba komai a ciki, ka tabbatar sau biyu, ka saka harsashin gwaji na roba marar albarushi da firaima, ka yi ta ɗagawa zuwa kunci kana bin layin da bango ya haɗu da silin, minti goma kullum. In ka je fili kuma ka zaɓi wurin tsayawar da ke ba ka wahala ka ƙarar da harsashinka a can maimakon ka yi ta fasa waɗanda ka riga ka iya. Ka gwada harsashi mai sauƙin nauyi ma, a gasar Olamfik mai ƙwayoyi giram 24 kawai ake yarda da shi kuma suna fasa faifan sarai.

Wasu za su ce maka ka fara ɗura naka da kanka. In dokar inda kake ta yarda ba laifi, amma ka sani firaima ita ke fara ɓacewa a kasuwa, kuma ba a musanya kayan haɗi da ka, abinda littafin kamfanin albarushin ya rubuta shi za ka bi ba ƙari ba ragi. Harsashin da wani ya ɗura ba ka san yadda ya yi ba kar ka karɓa ko kyauta ne.

Idan kaya ya dawo ka sayi na shekara ɗaya ka bar wa na bayanka, kwashe shago kaf shi ke ƙara tsawaita wahalar ga kowa. Ku haɗu ku huɗu ko biyar masu lasisi ku yi oda tare in doka ta ba da dama. Ka ajiye a busasshen wuri mai sanyi, a akwati mai makulli nesa da yara kuma ba tare da bindigar ba, ka rubuta watan da ka saya a jikin kowane kwali ka riƙa fara amfani da tsoho. Wanda gindinsa ya yi tsatsa ko robar ta kumbura ka ware shi gefe ka kai wa mai sayarwa ko filin harbi su san yadda za su yi da shi.